Ranar da Ke Bin Asabar

Innata, Asibi mai daddawa, ta yi shekara arba'in da ɗaya makonta kwana shida ne. Tana da Litinin, tana da Talata, tana bi har Asabar, ranar da aka haife ta aka raɗa mata suna da ita. Daga nan sai ta tsallake. In ta kama dole ta ambaci ranar da ta rage, sai ta ce “ranar da ke bin Asabar,” ko ta ce “ranar sujada,” tunda mu Kirista ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗanta na fari Ɗanlahadi sunansa, ita kuwa tana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, cikakkiya, ba ragi. Ba ta kiran sunansa, ba ta kiran abin da ya yi kama da sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye.

Ni ce autarta, Alheri. Ni kam sunana ya sha wuya a bakin Inna. Alheri ɗebo ruwa, Alheri kori akuyar nan, Alheri wa ya ce ki taɓa mini kalwa. Da yawan kira yana cinye suna, da tuni nawa ya ƙare. Saboda haka duk lokacin da na ji ana tausaya wa Yaya Ɗanlahadi wai ba a kiran sunansa, dariya kawai nake yi, don na san wanda aka tara wa aike a gidanmu.

An haifi Inna a wani babban gidan Maguzawa da ke bayan Tafoki, inda ake yanka baƙar akuya kafin a fita shuka. Wajen kakarta ta koyi daddawa, kuma har yau ba ta sauya komai a ciki ba. A dafa kalwa wuni guda, a surfa ta da toka, a wanke har ruwa ya fita fari, a sake dafawa, a rufe a kwando da ganye kwana uku, ba mai buɗewa. Ta auri Babanmu, suka shiga Kiristanci tare bayan haihuwarta ta biyu. Yayar Baba kuma, Goggo Hajaratu, ta musulunta ta yi aure a Ruwan Godiya. Ita da Inna addini ya raba musu ranar hutu, amma a kan kunyar ɗan fari bakinsu ɗaya, shi ne ma ya ɗaure amincinsu. Wani fasto matashi ya taɓa yin wa'azi a kan maganar, ya ce ya duba Littafi daga bango zuwa bango bai ga inda aka ce uwa ta ɓoye sunan ɗanta ba. Inna ta ce amin da ƙarfi tare da sauran matan zumunta na majami'a, ta dawo gida ta ci gaba da abinta.

Da aka yaye Yaya, ɗakin kakarmu ta wajen uba aka kai shi, kamar yadda ake yi. Bai dawo hannun Inna ba sai da tsohuwar ta rasu, yana da shekara tara. Shi ya sa ba ya ce mata Inna kamar mu. Mai Daddawa yake ce mata, yadda ya ji masu saye suna faɗa.

Magana tsakaninsu kuwa tana da hanyarta. Shi zai faɗa, wani ya maimaita, sannan Inna ta ji. Ko taku ɗaya ne tsakaninsu, ko ihu ya yi, in ba a maimaita ba, to ba ta ji ba. In za ta ba da amsa sai ta dubi mai maimaitawar ta ce, “Hwaɗa ma wancan…” Inusa, mai bi wa Yaya, shi ya fara riƙe wannan aiki, ya sauke wa ƙanwarsa Blessing, ita kuma ta sauke mini tun ban gama famfara ba. A hannuna ya zauna, don auta ba ta da wanda za ta sauke wa.

Abinci ma ba ta taɓa miƙa masa a hannu ba. Namu za ta zuba ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Nasa sai ta rufe da faifai ta ajiye gindin turmi, ta ce wa iska, “Ga wani kwano nan, in kaji ba su riga mai shi ba.” Ina da shekara bakwai na fara zargin kwanon nan. Ranar da na samu sarari na tura yatsa ƙarƙashin tuwon, sai na taɓo ƙundun kaza da cinya guda, an binne su kamar kayan sata. Mu kuwa a ranar wuya da ƙafa muka samu. Na sha duka a kan taɓa kwanon, ana kiran sunana tiryan-tiryan. Haka nan in ta yi sabuwar daddawa, curin farko ba na sayarwa ba ne. Takan naɗe shi a ganye ta ajiye gefe ta ce, “Wanga na mai buƙata ne.” Mai buƙatar nan ya yi makarantar kwana, ya yi jami'a a Zariya, ya koma Kaduna da zama, curin daddawa yana bin sa a motar haya duk inda ya sa ƙafa. Ba zan ɓoye ba, na yi kishin kwanon gindin turmi har na girma, har na yi aure, har auren ya mutu na dawo ɗakin Inna da kishina.

A Zariya ne Yaya ya kamu da fim. Da muka ji murna muka yi, mun zaci za mu gan shi a waya yana bin wata kyakkyawa cikin furanni ana waƙa. Ina! Ya ce shi ba irin wannan yake yi ba. Nasa fim ne mai taɓa inda mutane ba sa so a taɓa, ba shi da kamfani, ba shi da ubangida, daga shi sai kyamararsa. Na farkonsa minti arba'in ne na ƙafafun mutane a kasuwar Yankara, ba fuska ko ɗaya, ba magana. Inusa ya daure ya kalla har ƙarshe, ya ce ya gane silifas ɗin mutum uku.

Na biyun ya fi tayar da ƙura. Lokacin Baba ya rasu, 'yan bindiga sun raba mu da ƙauye, mun dawo Yankara da zama. Yaya ya tara manoma tara da aka kora daga gonakinsu, ya zaunar da kowanne gaban kyamara, ya ce masa ya yi kuka in yana so, ba mai ganin laifinsa. Ba wanda ya yi. Awa guda cur ta dattawa suna kallon ƙasa suna gyara hula. A Legas aka ce ba a taɓa ganin fim mai ratsa zuciya irinsa ba. A Yankara aka ce ɗan Asibi ya yi karatu har ya zarce.

Inna ba ta taɓa tofa komai a kan sana'arsa ba. In mata suka tsokane ta a kasuwa sai ta ce, “Daddawa kuka zo saye ko labari?” Amma na taɓa kama ta a ɗaki da wayar Blessing a hannu, tana kallon ƙafafun nan ta ƙura ido. Da ta gan ni sai ta ce fitilar wayar take nema.

Shekara biyu ke nan, bayan an gama yankan dawa, Yaya ya iso gida da jaka biyu. Ya ja ni bayan ɗaki.

“Alheri, wannan karon a gida zan yi. Fim ɗin Mai Daddawa.”

“Mi za ta yi a ciki? Rawa?”

“Sunana za ta kira.”

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce shekararsa arba'in da ɗaya, direba ya kira sunansa, mai shayi ya kira, Turawa ma sun kira duk da sun kakkarya shi, amma matar da ta haife shi bai taɓa jin sa a bakinta ba. Ya ce al'ada ce ta ɗaure mata baki, shi kuma ya zo kwancewa. Na tambaye shi ko ta aika masa cewa bakin yana mata ciwo. Ya ce ba zan gane ba, tunda ni auta ce. A nan kam ya faɗi gaskiya, don ban gane ba, kuma ban yi wani ƙoƙarin ganewa ba. Na yarda zan taimaka masa ne saboda ina son in ga yadda za ta ƙare tsakanin masu taurin kai biyu.

Washegari da hantsi ya kafa kyamara a tsakar gida bisa ƙafa uku, bakinta yana duban turmi. Ya rataya makirufo mai gashi-gashi a jikin sanda, kamar mataccen ɓera. Inna ta fito da ƙwaryar kalwa, ta dubi abin sama da ƙasa, ta dube ni.

“Alheri, hwaɗa ma wancan shi ɗauke bindigar tashi daga hanyar kaji.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta hana a ɗauke ta ba, don hanawa ma ai kulawa ce. Ta ci gaba da aikinta kamar ba kowa a gidan sai ni da kajin.

Yaya ya tsaya bayan kyamara ya ce, “Tambaye ta ɗiyanta nawa.”

“Inna, wai ɗiyanki nawa?”

“Ɗiya hatsi ne da za a sa musu tiya?”

“To ta jero sunayensu.”

Na maimaita. Ba ta ɗaga kai daga surfen da take yi ba. Ta ce, “Inusa. Mubina, Allah ya ɗauki abinshi. Blessing. Salihu, shi ma bai zauna ba. Sai ke, sarkin surutu.”

“Ce mata saura ɗaya.”

“Inna, wai saura ɗaya.”

“Wuta na cin itacena,” in ji ta, ta nufi murhu.

A rana ta uku ya sauya dabara. Ya ce in tambaye ta wace rana ake zuwa majami'a. Ta ce ranar da ake zuwa. Ya ce in tambaye ta in Asabar ta wuce sai me. Ta ce sai a wayi gari in da rai. Yaya ya cije leɓe yana danne dariya, ya raɗa mini cewa wannan shi ne fim ɗin, ko Legas ba su da 'yar wasa irinta. Da la'asar yakan nuna mini abin da ya ɗauka. Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi kyau. Na girma a gindin matar nan ban taɓa tsayawa na kalli hannunta ba sai a cikin kyamararsa, yadda toka ta cinye mata farce, yadda take gane kalwa ta dahu da yatsa biyu kawai. Na ji tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin cewa sai da shi ya nuna mini.

Zuwa rana ta biyar dariyar ta bar shi. Ya daina raɗa mini komai. Yakan tsaya bayan kyamara awa biyu, ita kuma tana shanya, tana shara, tana yi wa kaji faɗa. Kwano dai yana nan gindin turmi safe da yamma, kuma ba sai na tura yatsa ba na san akwai ajiya a ƙarƙashi, don na ga zabi biyu sun ɓace daga gidan a mako ɗaya.

A rana ta shida Goggo Hajaratu ta sauka daga babur, takanas daga Ruwan Godiya, don labari ya kai mata. Ita tana da bakin yi masa faɗa, kuma ba ta rage masa ba.

“Kai Ɗanlahadi, uwar taka kake so ka tuɓe a bainar jama'a? Ni nawa ɗan hwarin ya aje jika, har yau ban san sunanshi ba, kuma bai mutu ba. Mi ta rage ka da shi? Ci ko sha?”

Sai Yaya ya juya kyamarar ya saita ta. Goggo ta tsaya cak. Ta gyara mayafi, ta goge goron da ke gefen bakinta, ta ce, “To in ɗauka za ka yi, ɗauke ni da kyau,” sannan ta sake faɗan daga farko. Kafin ta tafi ta riƙe hannun Inna a ƙofar gida ta ce, “Asibi, mu biyu muka rage. Kar ki ba ni kunya.” Inna ta ce, “Haba Yaya Hajaratu, sai ka ce ba ki san ni ba.”

Rana ta tara ita ce ranar buɗe kwando. Da safe ne, rana ta ɗan ɗaga, Inna ta durƙusa tana ɗage ganyen ɗaya-ɗaya, warin daddawa ya cika gidan. Yaya ya kunna kyamara. Na jira tambaya, sai na ji muryarsa ta fito daban.

“Alheri, hwaɗa mata, shekara shidan da na yi a makarantar kwana, duk wanda ya tambaye ni uwata, cewa nake ta mutu. Ya fi mini sauƙi da in ce tana nan da ranta amma ba ta san sunana ba.”

A nan ne nake da laifi, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Cikin kwana taran nan sau da yawa ya faɗi maganar da ba ta dace ba, na haɗiye ta, Inna kuma ba ta ji ba, aka wuce wurin. Aikin mai maimaitawa ke nan tun asali, ya san abin da zai kai da abin da zai zubar a hanya. Na ga hannunta ya tsaya a kan ganyen. Ba ta juyo ba, jira take ta ga ko za ta ji ko ba za ta ji ba. Da na ce, “Inna, wai daddawar ta yi?” da ta ce ta yi, da shi ke nan. Amma raina ya ɓaci. Mutumin da aka binne wa ƙundu shekara talatin, ni ina gwagwiyar ƙafar kaza, shi ne zai tsaya ya ce uwarsa ta mutu. Na so ta ji irin ɗan da take yi wa ajiya. Na maimaita maganar kalma bayan kalma, ban zubar da ko ɗaya ba.

Inna ta mayar da ganyen ta rufe kwandon. Ta wanke hannu a hankali har gwiwa. Ta shiga ɗaki, ta daɗe, har na zaci ba za ta fito ba. Da ta fito sanye take da zanen matan zumunta, wanda ba ta sa shi sai ranar babban taro ko jana'iza, ta ɗaure ɗankwali tamau. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta ajiye daidai gaban kyamara ta zauna. Sai ta ɗaga kai ta wuce kyamarar da ido, ta dube shi, shi kansa, cikin ƙwayar ido.

“Ɗanlahadi,” in ji ta.

Ba wanda ya motsa.

“Ɗanlahadi. Ɗanlahadi na Asibi. Ka ji? Ko in ƙara?”

Muryarta ba rawa, ba zafi, irin wadda ake kiran masu jiran layi da ita a asibiti. Yaya ya buɗe baki, sai kuka ya ƙwace masa. Mutumin da ya kasa sa manoma tara su zubar da hawaye, ga shi yana yi kamar an yi masa mutuwa, kafaɗarsa tana bugun kyamara hoton yana rawa. Ni ma hawaye nake, amma nawa na tsoro ne, don na san Inna, kuma ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Ta ce masa, kai tsaye, ba ta bi ta kaina ba, “In ka gama, kashe abinka. Daddawata za ta wuce.” Ta tashi ta sauya zane ta koma kan kwandonta.

Fim ɗin ya fito bayan wata shida. An nuna shi a Legas, an nuna shi a ƙasar waje, an ba Yaya lambar yabo ta gilashi wadda ba ta da amfanin komai ko danne takarda, don tsini gare ta. Ya kira ni a waya ya karanta mini abin da masana suka rubuta. Wai sun ga mace ta tsinke sarƙar shekara arba'in a gaban idonsu. Wai zanen da ta sauya alama ce ta sabuwar rayuwa. Ban gaya masa cewa zanen jana'iza ma shi ne ba, don shi ma ya sani.

A Yankara ba wanda ya kalli fim ɗin gaba ɗaya, wa ke da wannan haƙurin. Amma mintin ƙarshe ya shigo wayoyi ta hannun masu tura fina-finai a bakin kasuwa, ya zaga gari cikin kwana biyu. 'Yan mata suka mai da shi abin wasa. In wata ta kira ƙawarta ba ta amsa ba, sai ta ce, “Kin ji? Ko in ƙara?” su tuntsire da dariya, wani lokaci a gaban faifan daddawar Inna. Tsofaffin matan zumunta kuwa gaisuwarsu ta gajarce. Goggo Hajaratu, wadda ba ta taɓa fashin zuwa cin shinkafar Kirsimeti ba, a shekarar sai ta aiko cewa ƙafa ta matsa mata.

Inna ba ta yi ƙorafi ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba, abin da ya fi duka ciwo. Ranar da aka sa ta sanar da taron mata a majami'a, ta miƙe ta ce, “Za a haɗu ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada.” Benci guda ya waiwayo. Ta zauna ta gyara ɗaurin zanenta. Tun daga nan makonta ya cika bakwai kamar na kowa.

Yaya bai samu zuwa gida ba sai da bikin Ista. Ya shigo da fara'a da tsaraba, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa masa da kanta.

“Ɗanlahadi, ka iso? Ya hanya? Matsa da jakar ga, ka tare mini ƙohwa.”

Ya dube ni yana murmushi, wai in ga aikinsa. Kafin azahar ta kira sunansa ya fi sau goma. Ɗanlahadi miƙo mini muciya. Ɗanlahadi wa ya koya maka barin buta a buɗe. Ɗanlahadi kama mini kazar can, ƙato da kai kana zaune. Da fari yana amsawa da murna, har da gudunsa. Can na ga murmushin yana raguwa. Ni kam sabon abu bai same ni ba, rayuwata ce tun ina rarrafe.

Da aka sauke tuwo, ya je ya zauna kusa da turmi, inda ya saba. Inna ta jera kwanuka huɗu ta zuba, ta kira mu bi da bi. Inusa, Blessing, Alheri. Sai ta ɗauki na huɗun ta miƙa masa a hannu, ba faifai a kai.

“Ɗanlahadi, amshi.”

Ya karɓa. Tsokar kaza ɗaya ce a saman miya, daidai da ta kowa. Ina kallonsa ta gefen ido. Ya yi kamar yana gutsurar loma, ya tura yatsa ƙarƙashin tuwon ta wannan gefe, ya zagaya ta wancan, har ya taɓo gindin kwano. Ƙundun yana kwanon Inusa a ranar, a fili, don Inusan ne ya sayo kazar. Shekara da shekaru ina jiran ranar da za a raba daidai a gidanmu. Da ta zo, na ture kwanona gefe ban ci rabi ba.

Kwana uku ya yi a gida. A na ƙarshen Inna ta yi sabuwar daddawa. Ina tsaye a kanta ta cura na farko, ta miƙa hannu ta ɗauko ganye, har ta fara naɗewa. Sai ta tsaya. Ta dubi abin da ke hannunta kamar wani ne ya ɗora mata. Ta warware ganyen ta jefa curin cikin na sayarwa, ta ci gaba da na biyu. Ba ta san na gani ba, ko kuma ta sani, da Inna ba a iya tantancewa.

Da la'asar, motarsa ta kusa tashi, Yaya ya sake ja na bayan ɗaki, wurin da muka ƙulla abin tun farko. Idonsa ya yi ja.

“Alheri, don Allah ki roƙe ta ta koma yadda take.”

“Yadda take yaya? Ba kai ka kwance mata baki ba? Har lambar gilashi aka ba ka.”

“Ki bar wasa. Ki ce mata na ji, ya ishe ni. Ta koma ce mini wancan.”

Na so in ƙara masa da wata baƙar maganar, amma na tuna wanda ya maimaita, sai na fasa. Na zagayo tsakar gida. Inna tana shara, shi kuma ya biyo ni ya tsaya jikin turmi, taku ɗaya tsakaninsu, kamar da. Na gyara murya, na koma tsohon aikina.

“Inna, wai in hwaɗa miki…”

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta miƙe da tsintsiya a hannu, ta wuce ni da ido ta dube shi.

“Ɗanlahadi, ga ni ga ka, mi ya kawo ɗan aike? In magana gare ka, hwaɗi.”

Mutumin da ya yi kwana tara yana jera mata tambayoyi ya sosa ƙeya. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Can ya ce, “Ba komai.”

“To ɗaga ƙahwarka,” in ji ta.

Ya ɗaga. Ta share gindin turmin tas, ta kwashe sharar ta fita da ita.